Yadda ƙwayoyin gado ke haɗa hannu wajen gina tantanin gani a cikin mahaifa

"Assalamu alaikum, Malam. Ni malamar kimiyyar halittu ce a makarantar sakandare. Ƙanwata ta haifi ɗa namiji wata uku da suka wuce. Idonsa na hagu ƙarami ne sosai, na daman kuma akwai wata 'yar tsaga a ƙasan baƙin idon. Likita ya ce tun a ciki abin ya faru. A gida wasu na cewa wani abu ta ci ko ta kalla da cikin, wasu na cewa auren zumunci ne, don mijinta ɗan baffanmu ne. Na taɓa karanta cewa akwai ƙwayar gado guda ɗaya da ke yin ido. In haka ne, ita ce ta lalace? Kuma tunda duk ƙwayoyin jiki gado iri ɗaya suke ɗauke da shi, ta yaya wasu suke sanin su ne za su zama abin da ke gani a cikin ido?"

Wa'alaikumus salam, Malama. Allah ya raya yaron, ya ba shi lafiya, ya ba mahaifiyarsa juriya a kan maganganun mutane. Abu biyu kika tambaya: yadda tantanin gani yake samuwa tun farko, da kuma inda aikin ya sami tangarɗa a wajen ɗan ƙanwarki. Zan fara da na farkon, domin in aka gane shi na biyun zai zo da sauƙi. Ni aikina koyar da yadda ɗan tayi ke ƙulluwa ne da bincike a kansa. Duba idon yaro da yanke hukunci a kan abin da ke damunsa aikin likitan ido ne, don haka ki ɗauki bayanina a matsayin abin da zai taimaka miki ki fahimci maganar likita, ki kuma san abin da za ki tambaye shi.

Don kada kalmomi su cakuɗe mana, ƙananan tubalan da aka gina jiki da su zan kira su sel. Umarnin da ke rubuce a cikin DNA kuma zan kira shi ƙwayar gado. Tantanin gani shi ne abin da likitoci ke kira ratina: wata siririyar shimfiɗa a can bangon bayan ido, kaurinta bai wuce rabin milimita ba, ita ke karɓar haske ta mayar da shi saƙo ta aika wa ƙwaƙwalwa.

Ido daga ƙwaƙwalwa yake tsirowa

Abin da ɗalibaina suka fi mamaki shi ne jin cewa tantanin gani yanki ne na ƙwaƙwalwa da ya miƙo waje. Wajen kwana na 22 bayan shigar ciki, ɗan tayi bai kai tsawon ƙwayar shinkafa ba, sai wasu 'yan kwarmi biyu su bayyana a ɓangaren da zai zama gaban ƙwaƙwalwa. A mako na huɗu su kumburo gefe da gefe kamar 'yan jakunkuna, har su taɓo fatar da ke lulluɓe da kai. A mako na biyar kowace jaka ta loɓa ciki, kamar ƙwallon da ya sace aka danna shi da babban yatsa, ta zama ƙoƙo mai bango biyu. Bangon ciki shi zai zama tantanin gani. Na waje zai zama wata baƙar shimfiɗa mai ciyar da shi da tsotse hasken da ya wuce. Fatar da aka taɓo ita ma ta loɓa, ta cire, ta zama madubin cikin ido.

Ba ma iya kallon wannan a jikin mutum yana faruwa, amma ƙwan kaza na nuna shi ƙarara. Kowace shekara nakan sa ƙwai a injin ƙyanƙyasa, mu yanke 'yar taga a jikin ɓawon, mu ɗiga tawada a ƙarƙashin ɗan tayin don ya fito sosai a madubin likita. Bayan kwana ɗaya da rabi ɗalibi zai ga jakunkunan nan biyu. Bayan kwana biyu da 'yan sa'o'i sun zama ƙoƙo. A kwana na huɗu ido ya yi baƙi, ko ba madubi ana ganinsa. Na yi shekaru ina wannan aikin, kuma har yau in na leƙa sai na ji tsigar jikina ta tashi. In makarantarku na da madubi ko guda ɗaya ne, ki gwada wa ɗalibanki, kaza mai kwanci ma ta isa.

To ta yaya sel yake sanin abin da zai zama? Gaskiya ne kowane sel na ɗauke da ƙwayoyin gado iri ɗaya, wajen 20,000 masu yin furotin. Bambancin yana wajen waɗanda aka kunna da waɗanda aka bari a kashe. Akwai wani rukuni na ƙwayoyin gado da aikinsu ke nan kawai: furotin ɗin da suke yi yakan je ya zauna a kan DNA, ya kunna wata ƙwayar ko ya kashe ta. Su ne makunnai. Akwai kuma rukuni na biyu masu yin furotin da ke fita daga sel ya bazu zuwa maƙwabta a matsayin saƙo. Na kusa ya sami saƙon da ƙarfi, na nesa ya same shi da rauni, kamar yadda amon ganga yake raguwa in kana nisa da dandali. Da wannan ne sel yake gane inda yake a jiki. Saƙo ya shigo, ya taɓa makunni, makunni ya kunna wasu, su kuma su aika sabon saƙo. Duk labarin ginin ido a kan wannan kai da kawowa yake.

Maganar ƙwayar gado guda ɗaya

Abin da kika karanta yana da tushe, kuma labarin mai daɗi ne. Tun 1915 aka ga wani ɗan ƙuda, cikin irin waɗanda ake bincike da su, da ke fitowa ba ido ko da ido ɗan mitsitsi. Daga baya aka san wasu ɓeraye masu ƙananan idanu, aka kuma san wata larura a mutane da ake haihuwar yaro ba shi da zoben nan mai launi da ke kewaye da tsakiyar ido. A 1991 aka gano cewa matsalar ɓerayen da ta mutanen daga ƙwayar gado ɗaya take, wadda ake kira Pax6. A 1994 ɗakin binciken Walter Gehring da ke Basel a ƙasar Suwizalan ya nuna cewa ta ƙudan ma 'yar'uwarta ce. A 1995 suka yi gwajin da ya girgiza masana: suka kunna ƙwayar a wuraren da ba nata ba a jikin tsutsar ƙuda, sai ga ido ya fito a fiffike, a ƙafa, da kan gashin ji na kai. Da suka sa Pax6 ta ɓera ma haka aka samu, kuma idon da ya fito na ƙuda ne. Daga nan Gehring ya kira ta shugabar ƙwayoyin gadon ido, sunan ya bi duniya.

A ganina sunan ya fi ƙarfin abin da aka gani. Pax6 tana aiki a cikin hanci, da laka, da sassan ƙwaƙwalwa, har da gaɓar cikin nan mai yin insulin, kuma ba inda ido ya fito a waɗannan wurare. Ɓeran da aka cire masa Pax6 gaba ɗaya, jakar ido takan fara fitowa, sai dai ta tsaya a hanya. Wanda aka cire wa wata ƙwayar mai suna Rax kuwa, jakar ma ba ta fitowa sam. In Lhx2 aka cire, jaka ta fito amma ta kasa loɓawa ta zama ƙoƙo. Ke nan kowacce akwai inda in babu ita aiki ya tsaya.

Wanda ya fi gamsar da ni shi ne aikin Michael Zuber da William Harris da abokansu a Kambirij ta Ingila, wanda ya fito a 2003. Da ƙwan kwaɗo suka yi shi. Sun nuna cewa kafin a ga wata alamar ido, akwai wani fili a gaban shimfiɗar da za ta zama ƙwaƙwalwa inda makunnai da dama ke kunne a lokaci guda: Pax6, Rax, Six3, Six6, Lhx2 da wasu. Otx2 ce ke share musu fage, don ita ke shaida cewa nan gaban kai ne. Suna kunna juna, suna riƙe juna a kunne, kamar duwatsun murhu da in aka janye ɗaya tukunya ta karkace. Da aka haɗa su aka zuba a wani ɓangare na ɗan tayin kwaɗo da ba na kai ba, ido ya fito a wurin. Abin da ke sa sel ya zama na ido shi ne haɗuwar wannan taro a cikinsa, a daidai wurin, a daidai lokacin.

Akwai kuma maganar awo, wadda ba a cika faɗa wa ɗalibai ba. Kowane mutum kwafi biyu yake da shi na Pax6, ɗaya daga uwa ɗaya daga uba, a kan kuromosom na 11. In ɗaya ya lalace, ɗayan lafiya lau, rabin furotin ɗin bai isa ba: zoben ido ba zai cika ba, tsakiyar tantanin gani ma ba za ta nuna yadda ya kamata ba. Da aka ƙara wa ɓeraye kwafi fiye da kima kuma, idanunsu ƙanana suka fito. Kamar gishiri a miya ne, ƙarancinsa da yawansa duk ɓaci ne.

Yadda fili ɗaya ya zama ido biyu

Filin nan na ido guda ɗaya ne tun farko, a tsakiya. Abin da ke raba shi biyu saƙo ne mai suna Shh, wanda ke tasowa daga wasu sel da ke kwance a ƙarƙashin tsakiyar kai. Inda saƙon ya yi ƙarfi, wato a tsakiya, sai ya danne Pax6 ya kunna wata ƙwayar gado mai suna Pax2. Gefe biyun da saƙon bai kai da ƙarfi ba su ci gaba da zama ido.

Makiyaya sun ci karo da wannan. A shekarun 1950, a jihar Idaho ta Amurka, tumaki suka riƙa haihuwar 'ya'ya masu ido ɗaya a tsakiyar goshi. Bayan dogon bincike aka gano wata ciyawa ce ta kan tudu, Veratrum californicum, kuma sai tunkiya ta ci ta wajen kwana na 14 da ɗaukar ciki abin yake faruwa haka. A 1996 aka cire wa ɓeraye Shh, suka fito da irin wannan ido ɗaya. Zuwa ƙarshen shekarun 1990 aka tabbatar cewa gubar ciyawar hanyar saƙon Shh take toshewa. Nakan tsaya a kan wannan misalin a aji saboda yana nuna abu biyu tare. Na ɗaya, guba daga waje da lalacewar ƙwayar gado daga ciki suna iya haifar da sura iri ɗaya, tunda hanya ɗaya suka tare. Na biyu, ƙofar a buɗe take na ɗan lokaci ƙalilan, in ya wuce ta rufe.

Akasin haka ma an gani. Akwai wani kifi a kogunan cikin duwatsu na Meziko da ke rayuwa a duhu ba ido. Ɗan tayinsa yakan fara yin ido, amma saƙon Shh ya faɗaɗa fiye da na danginsa na rafi, sai idon ya tsumbure, fata ta rufe shi.

Shata iyaka ta hanyar danne juna

Da jaka ta fito, sai a raba mata aiki gida uku: ƙotar da ke haɗa ta da ƙwaƙwalwa, wadda jijiyar gani za ta bi, da tantanin gani, da baƙar shimfiɗa. Nan ne dabarar da ta fi burge ni take. Pax2 tana kashe Pax6, Pax6 tana kashe Pax2. Sel ɗin da ke kan iyaka ba shi da damar zama rabi da rabi, duk wadda ta ɗan rinjaya a cikinsa sai ta murƙushe ɗayar gaba ɗaya. Saƙon da ya zo a baje, yana raguwa sannu a hankali, da wannan dabara ake mayar da shi layi mai kaifi kamar kunyar da ta raba gona biyu.

Tsakanin bangon ciki da na waje ma kusan haka ne. Da farko wata ƙwayar gado mai suna Mitf tana kunne a ko'ina cikin jakar. Sai fatar da jakar ta taɓo ta aiko da saƙon FGF, ɓangaren da ke fuskantarta ya kunna Vsx2, ita kuma ta kashe Mitf a wurin, ya zama tantanin gani. Ɓangaren baya yana samun wasu saƙonnin daga naman da ke kewaye da shi, cikinsu har da Wnt, Mitf ta zauna daram, ya zama baƙar shimfiɗa. An gwada wannan ta kowace fuska. A ɗan tayin kaza, in aka ajiye ɗan ƙwallo da aka jiƙa da FGF a bayan jakar, wurin da ya kamata ya yi baƙi sai ya zama tantanin gani na biyu. In Vsx2 ta lalace, sel ɗin tantanin ba sa yawaita yadda ya kamata, ido ya fito ƙarami. An ga haka a ɓeraye, a shekarar 2000 kuma aka same shi a wasu iyalai na mutane.

Yanzu ga abin da ya shafi tsagar da kika ambata. Lokacin da jaka ke loɓawa ta zama ƙoƙo, ba ta rufewa ruf. Akan bar wata tsaga a ƙasanta, tun daga baki har ƙota, don jijiyar jini ta shiga. Leɓɓan tsagar nan biyu sukan matso su haɗe tsakanin mako na biyar da na bakwai, daga tsakiya zuwa gaba da baya. In haɗewar ba ta cika ba, giɓin ya zauna har abada, shi likitoci ke kira koloboma. Shi ya sa kusan kullum a ƙasan ido ake ganinsa, ya ɗan karkata wajen hanci, mai kama da kafar mukulli. Wani a zoben ido kawai yake tsayawa, gani bai taɓu sosai ba. Wani yakan zarce har tantanin gani da jijiyar gani. Rufe wannan tsaga na buƙatar Pax2, da Vax1 da Vax2 masu shaida wa sel cewa nan ƙasan ido ne, da kuma wani sinadari da jiki ke sarrafawa daga bitamin A. Ƙaramin ido da tsaga sau da yawa tare suke tafiya, har a mutum ɗaya, don tushensu ɗaya ne.

Uwa ɗaya, 'ya'ya iri bakwai

Bangon cikin ƙoƙon da farko sel iri ɗaya ne jere, ba abin da suke yi sai rabuwa. Daga cikinsu manyan iri bakwai za su fito. Akwai masu karɓar haske iri biyu: masu siffar sanda, wajen miliyan 100, na gani a duhu, da masu tsini, wajen miliyan 5, na launi da gani tar da rana. Akwai 'yan tsakiya iri uku masu tace saƙo. Akwai gangiliyon, sama da miliyan ɗaya, waɗanda zarurrukansu ne suka haɗu suka zama jijiyar gani. Sai sel ɗin Müller masu tallafe sauran.

A 1987 David Turner da Connie Cepko a Harvard suka yi wa sel guda alama a idon jaririn ɓera, suka bar shi ya hayayyafa, suka duba zuriyarsa. Sai suka tarar uwa ɗaya na iya haifar iri daban-daban. Ba a ware wa kowane iri uwarsa ba. Amma akwai jeri, kuma kusan iri ɗaya ne daga kifi har mutum: gangiliyon ne 'yan fari, masu tsini na cikin na farko-farko, masu siffar sanda sun fi yawa a tsakiya zuwa baya, Müller ne auta. Uwar tana canzawa da lokaci. Abin da za ta iya haifa da wuri ba shi za ta iya haifa daga baya ba, domin makunnan da ke cikinta suna sauyawa, Ikaros a farko, su Casz1 da Nfi daga baya.

Don kada duka su zama 'yan fari a tashi ɗaya iri ya ƙare, sel ɗin da ya fara rikiɗa yakan taɓa maƙwabtansa ta wata hanyar saƙo mai suna Notch ya ce su dakata. Gangiliyon da suka samu kuma sukan saki Shh, wannan dai saƙon da ya raba ido biyu, amma yanzu ma'anarsa ita ce mun isa haka, sauran ku ci gaba da yawaita. Pax6 ma ta dawo da sabon aiki: a 2001 aka kashe ta a ɓeraye bayan ƙoƙo ya riga ya samu, sai uwayen suka rasa zaɓi, iri ɗaya tak cikin 'yan tsakiya suka iya haifa. Ƙwayar gado ɗaya, ma'anarta na bin lokacin da aka kunna ta da waɗanda ta tarar a wurin.

Kowane iri da jerin makunnansa. Gangiliyon na buƙatar Atoh7, in babu ita mafi yawansu ba sa samuwa, jijiyar gani ba ta ƙulluwa. A 2011 aka bayyana wata makanta ta haihuwa a tsakanin wasu Kurdawa a arewa maso gabashin Iran, inda ita Atoh7 ɗin lafiyarta ƙalau, abin da ya ɓace wani yanki ne na DNA can nesa da ita, wanda makunnai ke zama a kai su kunna ta. Masu karɓar haske kuwa Otx2 ce ke kunna musu Crx. Daga nan in Nrl ta kunnu, sel ya zama mai siffar sanda. In ba ta kunnu ba ya tafi hanyar masu tsini. Ɓeran da ba shi da Nrl ba shi da mai siffar sanda ko ɗaya. Mutanen da ƙwayar da ke bin bayanta, Nr2e3, ta lalace musu, dundumi suke yi tun suna yara, da rana kuma masu tsini na ganin shuɗi sun yi musu yawa. Ko zaɓi tsakanin mai ganin shuɗi da mai ganin kore ko ja, sinadarin tayirod, na wannan halittar wuya da ke kumbura ta zama maƙoƙo, yana da hannu a ciki.

Shaidar da ta fi nuna ƙarfin wannan tsari ta zo daga Kobe ta Japan a 2011. Mototsugu Eiraku da Yoshiki Sasai suka tara sel na asali na ɓera, wato waɗanda ke iya zama kowane irin sel na jiki, a cikin kwano, suka ba su abinci da ɗan abin dogaro. Ba kai, ba fata, ba madubin ido, amma jaka ta kumburo, ta loɓa da kanta ta zama ƙoƙo mai bango biyu, ta jera sel ɗinta hawa-hawa. A 2012 suka maimaita da sel na mutum. Wannan hanya ta buɗe ƙofar nazarin tantanin mutum kai tsaye, abin da ake buƙata ƙwarai, domin mafi yawan abin da na faɗa miki daga ɓera da kwaɗo da kaza da kifi aka samo shi. Ɓera ba shi da ɗan gurbin nan na tsakiyar tantani da muke karatu da gane fuska da shi, wanda a mutum bai gama nuna ba sai yaro ya yi 'yan shekaru.

Mu koma kan yaron

Ki lura da kwanakin da na lissafa. Kwana na 22 ya zo daidai da kamar mako guda bayan mace ta ga ɓatan wata. Kafin mako na bakwai ya ƙare an gama maganar ƙoƙo da tsaga. Mata da yawa a lokacin ba su ma tabbatar suna da ciki ba. Abin da ta kalla, ko wanda ta yi wa dariya, ko inda ta bi da dare, ba shi da hanyar da zai kai ga waɗannan sel. Ina roƙonki ki faɗa wa ƙanwarki wannan da bakinki, domin na ga yadda irin wannan zargi yake cin uwa a ɓoye.

Abubuwan waje da aka tabbatar suna taɓa ido a waɗannan makonni sanannu ne: cutar rubela da wasu cututtuka masu ratsa mahaifa, giya, wasu magunguna masu ƙarfi irin su isotretinoin na ƙurajen fuska, da matsanancin rashin bitamin A. Na ƙarshen nan tun shekarun 1930 wani mai bincike, Fred Hale, ya nuna shi a Texas, inda aladun da aka hana bitamin A suka haifi 'ya'ya ba ƙwayar ido. Yawansa fiye da kima ma illa ne, don haka mai ciki kada ta sha ƙwayoyinsa masu ƙarfi sai da izinin likita.

Maganar auren zumunci tana da gaskiya a wani ɓangare kawai. Akwai ƙwayoyin da sai kwafi biyun duka sun lalace larura take bayyana, irin su VSX2, RAX, STRA6 da ALDH1A3. Iyaye na ɗauke da kwafi ɗaya ɗaya lafiyarsu lau, kuma 'yan'uwan jini sun fi yiwuwar ɗaukar iri ɗaya. In haka ne, kowane ciki yana da yiwuwar ɗaya cikin huɗu. Amma ƙwayar da aka fi samu a yaran da aka haifa ba ido ko da ƙananan idanu sosai a gefe biyu ita ce SOX2, kuma galibi sabon canji ne da ya faru a ƙwan uwa ko maniyyin uba, ba wanda ya gada, ba ruwansa da zumunci. Haka OTX2 sau da yawa. Daga kallon ido kawai ba a iya cewa wanne ne, tunda ƙwayoyi daban-daban na ba da sura ɗaya, ƙwaya ɗaya kuma na ba da sura daban-daban ko a cikin gida ɗaya. Gwajin gado ma ba kullum yake ba da amsa ba. Ya fi samun dalili in larurar ta yi tsanani a ido biyu, in mai sauƙi ce ko gefe ɗaya sau da yawa yakan dawo ba a ga komai ba. Pax6 da kika tambaya a kanta tana cikin jerin, amma abin da kika siffanta bai yi kama da larurarta da aka fi sani ba.

Babu magani ko tiyatar da ke mayar da ginin da bai cika ba a mako na shida. Maganin gado da Amurka ta amince da shi a 2017, na masu matsalar ƙwayar gado mai suna RPE65, yana ceto sel ne da suke nan amma ba sa aiki daidai. Duk da haka akwai abin yi da yawa, kuma na gaggawa ne. A kai shi wurin likitan idon yara, irin waɗanda ake samu a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da manyan asibitocin koyarwa, a buɗe idon dama da magani a ga ko tsagar ta kai baya. In yana buƙatar tabarau a ba shi da wuri, domin ƙwaƙwalwa a shekarun farko take koyon gani, idon da ba a yi amfani da shi ba a lokacin yakan zauna da rauni. Idon hagu kuma, in ƙanƙantarsa ta yi yawa, akan sa wani ɗan roba a gurbin ana canza shi yana girma, don ƙashin fuska ya tashi daidai. Tunda waɗannan ƙwayoyi suna aiki a wasu gaɓoɓin, ki roƙa a duba ƙodarsa, domin Pax2 na gina ƙoda, a duba jinsa da zuciyarsa, a kuma riƙa bin girmansa.

Kafin wani cikin, ƙanwarki ta tambayi likita game da rigakafin rubela, wanda kafin ciki ake yinsa. Ita da mijinta kuma su bari a buɗe nasu idanun a duba har baya. Akan sami uba ko uwa da 'yar tsaga a can cikin tantani wadda ba ta taɓa damunsu ba, kuma ganinta kaɗai yana canza lissafin da likita zai yi musu game da 'ya'yan da za su haifa nan gaba.